Sallama a Ƙofar da Ba Mai Amsawa: Nazarin "Shine On You Crazy Diamond"

A 1975 ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ta fitar da waƙa mai sassa tara domin Syd Barrett, jagoranta da larurar ƙwaƙwalwa ta raba su tun 1968. Ana iya zarginta da jan rai, domin sai an haura minti takwas kafin a ji muryar mawaƙi. Sai dai a wannan jinkirin ma'anarta take. Sautuka huɗu na jitar David Gilmour suna ta maimaituwa tamkar sallama a ƙofar gidan da ba mai amsawa. An kuma tsaga waƙar gida biyu, rabi a farkon faifan, rabi a ƙarshensa, aka bar giɓi tsakani. Kafin baitocin Roger Waters su ambaci rashin, kunne ya riga ya ɗanɗana shi.