Keken Dogon Zango da Hanyar Gargada

A cikin shekara 20 da ɗoriya da suka wuce, masu ƙera kekunan tsere sun ware wani rukuni da za a iya kira keken dogon zango, wato keke mai lanƙwasasshen kai da sauƙin nauyi irin na 'yan tsere, amma wanda aka tsara domin mahayi ya yi awa 5 ko 6 a kan sirdi ba tare da wuyansa da bayansa da tafukan hannunsa sun gaza kafin ƙafafunsa su gaji ba. Wannan yayi alheri ne ga yawancin masu hawan keke, domin ya amsa gaskiyar da aka daɗe ana kau da kai daga gare ta, cewa mafi yawan masu sayen keken tsere ba sa shiga gasa, kuma titunan da suke bi ba su da sumul ɗin da kekunan gasa ke bukata. Sai dai tallan da ke tare da yayin ya karkatar da hankalin mai saye zuwa ga na'urorin rage girgiza masu tsada da ake dasawa a jikin keke, alhali kuwa abin da ya fi sauƙaƙa wa mahayi wahalar hanya mai gargada shi ne faɗin taya da yawan iskar da ke cikinta, sannan dacewar keken da jikin mai shi.

Asalin wannan rukuni yana komawa ne ga tseren Faris zuwa Roubaix a arewacin Faransa, wanda aka fara a 1896, kuma har yau ake gudanar da shi a cikin bazarar Turai kan nisan kilomita 250 da ɗoriya, wanda fiye da kilomita 50 daga ciki tsofaffin hanyoyin gona ne da aka shimfiɗa da curarrun duwatsu maimakon kwalta. Mafi shahara a cikinsu ita ce hanyar dajin Arenberg, mai tsawon kilomita 2 da 'yan kai, inda duwatsun suka yi tudu da kwari har girgizarsu kan karya kekuna ta kuma saɓule fatar tafin hannu. Tun da daɗewa makanikan ƙungiyoyi ke neman dabarar da za ta rage wa mahayansu wannan azaba, har Gilbert Duclos-Lassalle ya ci tseren a 1992 da 1993 da keke mai na'urar sassauta girgiza ta kamfanin RockShox a ƙafar gaba, irin wadda aka saba gani a kekunan hawan duwatsu.

Kamfanin Specialized na Amurka ne ya mayar da wannan bukata ta 'yan tsere hajar kasuwa a 2004, lokacin da ya fitar da keken da ya raɗa wa sunan garin Roubaix, wanda gabansa ya fi na keken gasa tashi, tsakanin tayoyinsa ya fi tsawo, kuma aka cusa wasu gutsattsarin roba mai suna Zertz a cikin firam ɗinsa, wato ƙashin keken da sauran sassa ke ɗaure a kai. Sauran kamfanoni sun bi sahu: Cannondale da Synapse, Giant da Defy, sannan Trek da Domane a 2012, wanda ya zo da wata mahaɗa mai suna IsoSpeed da ke barin bututun da ke ɗauke da sirdi ya riƙa ɗan lanƙwasawa ba tare da sauran firam ɗin ya motsa ba, kuma a kansa Fabian Cancellara ya ci tseren Roubaix a 2013. A 2016 Specialized ya ƙara da Future Shock, wani ɗan sifirin da aka ɓoye ƙarƙashin kan keke mai saukar da hannun mahayi har milimita 20 idan taya ta daki tudu. Kowane kamfani ya gina tallansa a kan tasa na'urar, har aka wayi gari mai saye yana tambayar sunan na'ura kafin ya tambayi faɗin tayar da keken zai iya ɗauka, kuma a nan ne aka sa ƙarshe a farko.

Dalilin fifita taya yana cikin yadda girgiza ke tafiya daga ƙasa zuwa jiki. Taya ce kaɗai sashen keke da ke taɓa hanya, kuma idan an ɗura mata iska har ta yi tauri, duk tsakuwar da ta taka sai ta ɗaga keken da mahayinsa gaba ɗaya, ƙarfin da ya kamata ya tura keke gaba kuma ya ɓace a cikin tsokoki da gaɓoɓin da ke jijjiga. Idan kuwa tayar tana da faɗi kuma iskarta ba ta kai ga taurin ba, sai ta lotsa ta haɗiye tsakuwar ta wuce, keken bai tashi ba. Shekara da shekaru ana ɗaukar cewa siririyar taya mai tsananin iska ta fi gudu, domin gwaje-gwajen da ake yi a ɗakunan bincike a kan sumul ɗin gangar ƙarfe suke, inda babu gargada kuma babu jikin mutum da zai sha girgizar. Jan Heine da abokan aikinsa na mujallar Bicycle Quarterly a Amurka suna cikin waɗanda suka fara mayar da gwajin kan titi na zahiri da mahayi a bisa keken, tun daga wajen 2006, suka kuma nuna cewa taya mai faɗi da laushin fata ba ta rage gudu a kan kwalta ta yau da kullum, a kan hanya mara kyau ma ƙara shi take yi. Wannan sakamako yana da muhimmanci ƙwarai, domin ya rushe tsohon zaton cewa dole mahayi ya zaɓi ɗaya tsakanin jin daɗi da sauri.

Lissafin ma a fili yake. Tayar da aka saba da ita a kekunan tsere a shekarun 1990 da 2000 faɗinta milimita 23 ne, kuma ana ɗura mata iska daga psi 100 zuwa 120, psi kuwa shi ne ma'aunin matsin iska da ke rubuce a agogon famfo da gefen taya. Tayar milimita 32 tana ɗaukar iska kusan ninki 2 na wancan, saboda haka mahayi mai nauyin kilo 70 zuwa 75 zai iya tafiya da ita a kan psi 55 zuwa 65 ba tare da rim, wato zoben da taya ke zaune a kai, ya riƙa dukan ƙasa ba. Abin da ya hana kekunan da ɗaukar irin wannan taya shi ne birkinsu mai matse rim, wanda bakinsa da ƙyar yake barin milimita 28 ta wuce. Da birkin faifai ya shigo, wanda ke kama wani faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafar keke maimakon rim, kuma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta shi a gasar titi a 2018, sai wannan shinge ya faɗi, har kekunan dogon zango na yanzu suna ɗaukar taya mai milimita 35 zuwa 40.

Tseren da ya haifi rukunin shi da kansa ya ba da shaida. A 2016 Mathew Hayman ya ci Faris zuwa Roubaix a kan Scott Foil, keken da aka ƙera domin tsaga iska ba domin laushi ba, sannan Mathieu van der Poel ya ci shi a 2023 da 2024 da 2025 a kan Canyon Aeroad, wanda ba shi da sifirin ko mahaɗa mai lanƙwasa, sai dai tayoyi masu faɗi da iska daidai gwargwado. Kamfanin Trek ma, da ya fitar da sabon Domane a 2022, ya cire na'urar IsoSpeed ta gaba ya bar ta baya kaɗai. Ba hujja ba ce a ce abin da ya dace da ƙwararren ɗan tsere ya dace da kowa, domin jikinsa ya saba da wahalar da ba kowa zai jure ba, amma idan a kan duwatsun Arenberg taya ta wadatar, da wuya a ce kwalta mai faci-faci ta fi ƙarfinta.

Ba a cewa na'urorin ba sa aiki. Mahayin da ke fama da ciwon wuyan hannu ko mutuwar yatsu zai ji bambancin sifirin ɗin gaba, musamman a kan manyan tudun da taya ba za ta iya haɗiyewa duka ba. Matsalar ita ce kowace na'ura mallakar kamfaninta ce, ba ta shiga wani keke, kayan gyaranta sai wurin dillalin kamfanin, kuma idan an daina ƙera samfurin bayan wasu shekaru, mai keken na iya zama da firam lafiyayye wanda wani ƙaramin sashe ya mayar da shi kayan ajiya. Ga mai zaune a Turai kusa da shagon dillali wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ya sayi keken a kasuwar gwanjo a Kano ko Maraɗi kuwa, inda mai gyara zai iya ɗaure kowace waya ya gyara kowace sarƙa amma ba shi da inda zai samo wannan sashe, babban abu ne da ya kamata ya auna kafin ya biya kuɗi.

Bayan taya, sai dacewar keke da jiki, wadda ba a cika tallata ta ba domin ba ta da sunan da za a manna a firam. Masu ƙira suna ba da awo 2 da suka fi komai amfani: tashin gaban keke, wato yadda kan keken ya ɗaga sama da inda feda ke juyawa, da kuma nisan miƙa hannu, wato yadda ya yi gaba daga wannan wuri. Keken dogon zango yakan fi na gasa tashi da kamar santimita 2 zuwa 3, kuma nisansa ya fi gajarta, domin mahayi ya zauna ba tare da ya duƙa sosai ba, gwiwar hannunsa a ɗan lanƙwashe, ta yadda hannun kansa zai zama abin rage girgiza. A nan ma akwai wuce gona da iri, domin wanda ya ɗaga kan keke har ya zauna a miƙe ya ɗora dukan nauyinsa a kan sirdi, kuma kowane rami zai ratsa ƙashin bayansa kai tsaye. Abin nema shi ne a raba nauyi tsakanin sirdi da feda da hannu. Wani sabon yayi da ya kamata a yi hattara da shi shi ne ɓoye wayoyin birki da na giya a cikin kan keke da firam, wanda ke ƙawata keken amma yake mayar da ɗaga kai ko sauke shi da santimita 1 aikin yini guda, alhali irin wannan gyara ne mahayi ke bukatar maimaitawa har ya samu zaman da ya dace da shi.

Mutanen ƙasar Hausa ba baƙin wannan ilimi ba ne, ko da ba su zo masa ta hanyar gwaji ba. Tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix da suka yi shekaru suna ɗaukar manomi da buhunsa a kan burji da turbar gona suna da taya mai faɗin inci 1 da rabi, wato kimanin milimita 38, daidai da faɗin da kekunan dogon zango na zamani suka dawo gare shi bayan dogon zagaye. Abin da matashin da ya sayi keken tsere na gwanjo yake bukatar kiyayewa shi ne al'adar ɗura iska har taya ta yi tauri kamar dutse, wadda ta dace da keke mai ɗauke da kaya amma take cutar da wanda ba ya ɗauke da komai sai kansa. Rage iskar kuma yana da iyaka, domin idan ta yi kaɗan, bakin rami zai matse tiyub tsakanin taya da rim ya huda shi a wuri 2. Tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙananan huji da kansa, tana kawar da wannan matsala kuma tana maganin ƙaya, sai dai ruwan yana saurin bushewa a ƙasa mai zafi, don haka sai an riƙa duba shi bayan 'yan watanni, kuma dole a tafi da tiyub na ko-ta-kwana, tunda ba kowane mai faci ne ya san kanta ba.

Game da abin da aka yi firam da shi, ana yawan muhawara fiye da kima. Firam na kabon yana da sauƙin nauyi, amma yana iya tsagewa ta ciki ba a gani ba, abin da ke sa sayen na hannu ya zama kasada. Na alminiyam ya fi araha, kuma da taya mai faɗi a ƙarƙashinsa taurin da ake zarginsa da shi ba ya kai wa ga mahayi sosai. Na ƙarfe ya fi nauyi amma mai walda zai iya ceto shi. Ƙafafun keke sun fi cancantar kulawa, domin ƙafa mai wayoyi 28 zuwa 32 tana jure rami fiye da mai 20 ko 24, kuma idan waya guda ta tsinke ba ta karkacewa har ta hana tafiya.

Akwai kuma iyakar da keken dogon zango ba ya ƙetarewa, wadda ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya je kasuwa. An ƙera shi ne domin kwalta mara kyau da ɗan burji mai tauri, ba domin rairayi ko taɓon damina ko hanyar da ruwa ya zaizaye ba. Wanda fiye da rabin tafiyarsa a kan irin waɗannan hanyoyi take, keken tsakuwa ya fi dacewa da shi, wato ɗan'uwan wannan keke mai ɗaukar taya daga milimita 40 zuwa 50 mai ƙananan haƙora, wanda kuma idan aka sanya masa sumul ɗin taya mai milimita 32 ko 35 zai yi kusan duk abin da keken dogon zango ke yi a kan kwalta.