Idan Jagora Ya Kwanta Dama, Wa Ke Riƙe Ƙungiyar Makaɗa?

A bukukuwan manya da ake yi a Nassarawa GRA a Kano, idan aka gayyato magadan wani tsohon makaɗi, dattawa kan rabu gida biyu. Wasu su ce ai gidan ne, kiɗan ne, Allah Ya ƙara albarka. Wasu su girgiza kai su ce tun ranar da aka rufe maigidan aka rufe kiɗan. Wannan gardama ba mu kaɗai ke yin ta ba. Ƙungiyar kiɗan rok ta Yes, wadda aka kafa a Landan a 1968, ta yi ta sauya mutane har Chris Squire ya rasu a 2015, ya zama babu sauran ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, amma tana nan tana wasa da sunanta, masoyanta kuma suna ta musu a kai. A ganina, abin da ke sa ƙungiya ta rayu ko ta mutu yana cikin yadda aka raba aikin waƙar tun jagora yana da rai, kuma gidajen Ɗanƙwairo da Shata sun isa hujja.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo bai kafa ƙungiya ba, tarar da ita ya yi. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Kayan Maradun ne, yana kiɗan noma da na fada. Musa ya shiga yana yaro yana amshi, har ma an ce laƙabinsa ya samo asali ne daga wani ɗan ƙungiyar mahaifinsa mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Da tsoho ya rasu, yayan Musa, Abdu Kurna, ya karɓi jagoranci, Musa yana riƙe da muƙamin Daudun Kiɗa, kafin ragama ta dawo hannunsa. Kafin duniya ta san shi, ƙungiyar ta riga ta sauya shugaba har sau biyu ba ta watse ba.

Dalilin yana nan a kunne. Saka kowane faifan Ɗanƙwairo ka saurara da kyau. Zai jefa farkon ɗan waƙa, kalma uku ko huɗu, sai 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ja baitin gaba ɗaya shi yana hutawa, sannan ya sake faɗowa a kansu. Kotsuna na rataye a kafaɗunsu, suna bugawa da hannu suna rerawa a lokaci guda. Sau da yawa ba za ka iya nuna daidai inda muryarsa ta tsaya tasu ta ɗauka ba. Irin wannan karɓeɓeniya ba ta yiwuwa sai kowa ya haddace waƙar daga gindinta har ƙarshe, da salsalar sarkin da ake wa ita, da kirarinsa, da zambon da ake yi wa abokan hamayyarsa. Kowane ɗan amshi jagora ne mai jiran lokacinsa. Shi ya sa da Musa ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba ba tare da sun koyi wani sabon abu ba. Haka tsarin yake a yawancin kiɗan fada, har da na Narambaɗa da na Sa'idu Faru.

Shi kuwa Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, bai gaji waƙa ba. Mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Ƙungiyarsa ta masu kalangu da 'yan amshi ta ga mutane da yawa sun shigo sun fita a tsawon fiye da shekara hamsin, amma mai sauraro bai cika lura ba, domin aikinsu shi ne su riƙe kiɗa su maimaita gajeren amshi guda, shi kuma yana zuba sababbin ɗiya nan take daga kansa. Wannan ne ƙarfin Shata, kuma shi ne ya sa ba a iya gadonsa. Da ya rasu a Kano a 1999, masu kalangu suna nan, amshi yana nan, amma wanda zai cike tsakanin amshi da amshi babu. Masu rera waƙoƙinsa a yau hadda suke kawowa, alhali shi bai taɓa rera waƙa ɗaya iri ɗaya sau biyu ba. Ɗan Maraya Jos kuwa, da shi da kuntiginsa ne kawai, don haka maganar gado ma ba ta taso ba da ya rasu a 2015.

Kada a ɗauka gidan da ya ɗore ya tsira ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne kaset da waya sun mai da magaji kishiyar mahaifinsa. A da, wanda bai ji Ɗankwanda ba ba shi da abin da zai auna Musa da shi, sai Musa ya sami sarari ya fita daga Maradun ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Yanzu kuwa mai biki yana da muryar marigayin a aljihunsa, kuma ita yake so a maimaita masa. Sai magaji ya ɗauko tsohuwar waƙar sarki, ya cire sunan mai ita, ya saka na ango ko na ɗan siyasa. Ana liƙi, ana jin daɗi, amma ba a ƙara komai a rumbu ba. Yes ma ta faɗa wannan hali, tana yawo tana maimaita tsofaffin faya-fayanta irin Close to the Edge na 1972 daga farko har ƙarshe. Robert Fripp na ƙungiyar King Crimson ya bi wata hanya: duk lokacin da ya sake tara mutane sai ya sake sautin, har a 2014 ya jera masu ganga uku a gaban dandali.

A Yamai akwai misali mafi kusa da mu. Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000, tana da mutane fiye da waɗanda dandali ke ɗauka, suna karɓa-karɓa, har sukan rabu biyu su yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kuma faifansu Kaani na 2013 ya kai su Turai da Amurka. Sun yi da jita abin da gidan Ɗankwanda ya yi da kotso, sai dai su ba jini ya haɗa su ba.

A situdiyoyin Kano kuwa mawaƙi kan zo shi kaɗai, mai fiyano ya haɗa masa kiɗa a kwamfuta, a kira 'yan amshi a biya su kuɗin waƙa ɗaya su tafi. Gobe wani mawaƙin za su yi wa. Ba su zauna da jagora ɗaya shekara ashirin ba, ba su san salsalar kowa ba, kuma babu ɗayansu da ake shirya wa muƙamin Daudu.