La'ada a Hannu Biyu

Wani mai sauraro ya bugo mini waya ina tsakiyar shiri, daga Zighan a yankin Sabha ta Libiya. Shekara shida yana tari, ya turo kuɗi aka saya masa gida a Kano. Daga baya ya gano dillalin ya karɓi la'ada a wurinsa, ya karɓa wurin mai gidan, sannan ya ɗora nasa a kan farashi.

Ban ƙi dillali ya ci guminsa ba. Ɓoyewar nake suka. Wanda rabonsa ke ƙaruwa idan farashi ya hau, yaya zai nema wa mai saye sauƙi?

A Amurka, ƙungiyar dillalan gidaje ta NAR ta amince a Maris 2024 ta biya dala miliyan 418 don kashe ƙararrakin masu sayar da gidaje. Tun 17 ga Agusta 2024, sai an rubuta adadin la'ada kafin dillali ya zagaya da mai saye.

Mu ma sarakunan dillalanmu za su iya sa wannan doka: a faɗi la'ada da wanda zai biya ta, gaban shaidu, kafin a sallama. Wanda ke ci-rani a Fezzan ba ya ganin ciniki, amana kawai ya riƙe.