Fasa Kalma da Jeren Fassara: Sharhi a kan Hanyoyin Koyar da Kalmomin Likitanci ga Ɗaliban Sakandare a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin sakandaren da ke da burin shiga makarantar koyon aikin jinya, ko ta ungozoma, ko kwalejin fasahar kiwon lafiya a Nijeriya, ana buƙatar ya sami kiredit biyar, wato a Ingilishi da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri da Fizis. Tun daga aji ɗaya na babbar sakandare yake fara cin karo da wasu kalmomi waɗanda ba na Ingilishin yau da kullum ba ne, kalmomin Girkanci ne da Latin da aka sanya wa rigar Ingilishi. Idan ya haddace su zai ci jarrabawa. To amma ranar da aka tura shi ƙaramin asibiti a karkara, tsohuwar da za ta zauna a gabansa da Hausa za ta faɗi abin da ke damunta, kuma da Hausa zai gaya mata yadda za ta sha magani.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan hanyoyi biyu da ake bi wajen koyar da waɗannan keɓaɓɓun kalmomi. Ta farko ita ce fasa kalma zuwa saiwa da ɗafi. Ta biyu ita ce jera kalmar Ingilishi a hagu da takwararta ta Hausa a dama. Ra'ayin da za a kare shi ne, kowace daga cikinsu tana da amfani, amma duka biyun sun tsaya a kan kalma sun bar ma'ana, alhali a fagen kiwon lafiya saɓanin ma'ana yana iya kai mutum ga halaka.

2.0 Hanyar Fasa Kalma

Wannan hanya a Amurka ta fi bunƙasa, inda makarantun sakandare da dama suke koyar da kalmomin likitanci a matsayin darasi mai zaman kansa ga masu shirin shiga aikin lafiya. Daga cikin littattafan da suka yi fice a kanta akwai The Language of Medicine na Davi-Ellen Chabner, wanda aka fara bugawa a 1976. Hikimar hanyar ita ce, maimakon ɗalibi ya haddace dubban kalmomi, sai ya riƙe wasu ɗaruruwan ƙwayoyin ma'ana, ya riƙa haɗa su yana warwarewa. Dubi waɗannan misalai:

(1) hepat-itis: kumburin hanta
(2) nephr-itis: kumburin ƙoda
(3) nephr-ectomy: cire ƙoda
(4) cardi-o-logy: nazarin zuciya
(5) gastr-o-enter-itis: kumburin tumbi da hanji

2.1 Dacewarta da Tsarin Hausa

Akwai wani abin sha'awa a nan wanda ya kamata malamanmu su lura da shi. Dokar da ake bai wa ɗalibi ita ce ya fara karanta ma'ana daga ɗafa-ƙeya, sa'an nan ya komo farkon kalma. Dalili kuwa shi ne a harɗaɗɗiyar kalmar Girkanci jigon ma'ana a ƙarshe yake zuwa. Ita kuwa Hausa jigo take gabatarwa, kana ta liƙa masa abin da ke fayyace shi ta hanyar mahaɗin -n ko -r, kamar a ciwon kai da ƙurar fata. Ke nan, idan ɗalibi ya bi dokar, abin da zai fito masa shi ne jerin Hausa daidai wa daida. Yaron da aka nuna wa wannan sau ɗaya ba zai sake kallon doguwar kalma a matsayin dodo ba. Malamin da ya hana Hausa shiga ajinsa ya yar da makamin da ke hannunsa.

2.2 Rauninta

Sai dai hanyar tana da rauni iri biyu. Na farko, ba kullum ne sassan kalma suke faɗin gaskiya ba. Idan aka fasa anaemia za a sami "babu jini", alhali abin da ake nufi shi ne ƙarancin jajayen ƙwayoyin jini ko sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsu. Kalmar malaria daga Italiyanci take, ma'anarta "mugunyar iska", domin a da an ɗauka tururin fadama ne yake kawo cutar, kafin Ronald Ross ya gano ƙwayarta a cikin sauro a 1897. A wannan gaɓa sunan Hausa, wato zazzaɓin cizon sauro, ya fi na Turai kusa da abin da kimiyya ta tabbatar. Wannan darasi ne ga masu ganin cewa kalmomin Hausa ne kaɗai suke ɗauke da tsofaffin camfe-camfe.

Rauni na biyu ya fi na farko haɗari, kuma yana nan cikin misalan da muka kawo. Mun fassara ɗafin -itis da kumburi domin ita ce kalmar da ta fi kusa, amma ba su yi daidai ba. Abin da likita yake nufi da wannan ɗafi shi ne martanin da jiki ke mayarwa ga cuta ko rauni, wanda tun zamanin Celsus na Rum aka san shi da alamu huɗu: ja, da zafi, da ciwo, da kumbura. Kumburi kuwa a Hausa ya haɗa har da taruwar ruwa a ƙafafun mai juna biyu ko a fuskar mai ciwon ƙoda, wanda wani abu ne daban. Ɗalibin da ya riƙe cewa wannan ɗafi kumburi ne kurum ya haɗa abubuwa biyu da aikinsa zai buƙaci ya raba.

3.0 Hanyar Jeren Fassara

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi a Hausa ba yau aka fara shi ba. Akwai A Vocabulary of Primary Science and Mathematics in Nine Nigerian Languages na 1987, wanda aka yi domin firamare. Akwai Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da ya shafi nazarin harshe da adabi. A 2017 kuma aka fitar da ƙamusun kalmomin ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Ibo da Yarabanci, a ƙarƙashin jagorancin Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan. Waɗannan ayyuka sun cancanci yabo, amma babu ɗaya daga cikinsu da aka tsara domin ɗalibin sakandare mai shirin aikin lafiya. Saboda haka malamin da yake son taimakon ɗalibansa yakan ɗauki ƙamus, ya rubuta kalma a hagu, fassara a dama. Illar wannan jeri ita ce yana sa ɗalibi ya zaci kalmomin biyu gona ɗaya suke nomawa, iyakarsu ɗaya. Ba haka abin yake ba, kamar yadda za mu gani.

3.1 Sassan Jiki

Ɗauki kalmar jijiya. Bahaushe yana kiran hanyar da ke fitar da jini daga zuciya jijiya, da wadda ke komo da shi, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da kuma wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi. Abubuwa huɗu ne da likitanci ya ba kowanne saiwarsa. Wanda zai ɗaura ƙarin ruwa dole ya bambance ta farko da ta biyu, wanda zai yi wa yaro allura a ɗuwawu kuma dole ya san inda ta uku ta bi, domin idan allura ta same ta ƙafa tana iya shanyewa. Haka kalmar ciki take: tana nufin tumbi, tana nufin dukkan abin da ke tsakanin ƙirji da mara, tana kuma nufin juna biyu. Zuciya ma haka. Wanda ya ce zuciyarsa tana tashi amai yake ji, wanda ya ce ta ɓaci fushi ya yi, kuma babu ɗayansu da yake magana a kan tsokar da ke harba jini.

3.2 Sunayen Cututtuka

A nan ne matsalar ta fi tsanani. Masu bincike irin su Murray Last da Lewis Wall, wanda ya wallafa Hausa Medicine a 1988 bayan ya zauna a yankin Malumfashi, sun nuna cewa Hausawa suna da nasu tsarin rarraba cututtuka. Sau da yawa alamar da ido ya gani ake bai wa suna, ko abin da ake zaton shi ne sanadi. Likitancin zamani kuwa ya fi karkata ga gaɓar da ta kamu da ƙwayar da ta kama ta.

Shawara misali ce mai kyau. A bakin jama'a tana nufin ido da fitsari su yi ruwan ɗorawa. Wannan alama ce, ba cuta guda ba: ciwon hanta yana kawo ta, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kawo ta, amosanin jini yana kawo ta, toshewar hanyar maɗaciya ma haka, kuma tana kama jarirai sababbin haihuwa. Bugu da ƙari, da wannan suna ake kiran wata annoba ta daban da sauro ke yaɗawa, wadda ake yi wa yara rigakafinta suna da wata tara. Jerin da ya ba shawara fassara ɗaya tak ya rufe wa ɗalibi ƙofofi da yawa.

Basir, wadda aka aro daga Larabci, a likitance kumburar jijiyoyin jini ce a dubura. Amma mai cewa basir yana damunsa yana iya nufin taurin bayan gida, ko ciwon baya, ko kasala, ko raunin mazakuta. Idan kuma jini yake gani a bayan gida, abin yana iya zama ciwon da ya fi basir muni nesa ba kusa ba. Sanyi ita ma ta tattara ciwon da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da ƙaiƙayin gaba na mata, da ciwon gaɓoɓi. Ita kuwa ƙwayar cuta ta haɗa bakteriya da bairos da sauran halittun da ke rayuwa a jikin mutum. Wanda bai raba su ba, ba zai iya yi wa mai mura bayanin dalilin da ya sa kafso ba zai yi masa amfani ba.

3.3 Kalma da Kayan da Take Ɗauke da Su

Wasu kalmomin kuma ba faɗinsu ne matsala ba, aƙidar da suke tafe da ita ce. Shan inna tana jingina shanyewar ƙafa ga iskoki, wanda kuwa ya gaskata haka wurin mai magani zai nufa kafin asibiti. Daji, wadda ake fassara kansa da ita, tana tafe da sanannen zancen nan cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Ma'aikacin da ya ce wa mace "daji ne a nononki" ba tare da ƙarin bayani ba, yana iya zama shi ne ya kore ta daga aikin tiyatar da zai cece ta. Ƙanjamau kuwa daga ƙanjamewa take, wato tana kwatanta wanda ciwo ya riga ya cinye, alhali mai ɗauke da ƙwayar yana iya shekaru lafiya lau idan yana shan magani. Wannan ne ya sa aikin 2017 ya ware karya-garkuwa ga ƙwayar, ya bar ƙanjamau ga ciwon da ya bayyana. Irin wannan rarrabewa ita ce abin koyi.

Ba za a manta da kunya ba. Yarinya 'yar shekara 19 da ta fara aiki ba za ta dubi sa'ar mahaifiyarta ta ambaci al'aura da sunanta ƙarara ba, ita ma matar "ciwon mara" kawai za ta ce, ta bar sauran ga mai hankali. Babu ƙamus mai layi biyu da yake koyar da wannan.

4.0 Shawarwari

Ba muna cewa a yi watsi da hanyoyin nan ba ne. Kalmomin ƙasa da ƙasa, waɗanda aka fara daidaita na sassan jiki a birnin Basel a 1895, aka kuma sabunta su a 1998, su ne harshen takardar asibiti da na jarrabawa, dole ɗalibi ya ƙware a kansu. Abin da muke ba da shawara shi ne:

(a) A mayar da jerin mai layi biyu ya zama mai layi huɗu: kalmar likitanci, da sassanta, da bayaninta cikin cikakkiyar jimlar Hausa, da kuma kalmomin da maras lafiya zai iya amfani da su.
(b) A sa alama a kan duk kalmar Hausa da ta fi takwararta faɗi, a koya wa ɗalibi tambayar da zai biyo ta da ita, kamar "A ina kike jin sa?" ko "Me ka gani da ya sa ka ce basir ne?"
(c) Inda Hausa take da suna mai fayyace abu, irin su yoyon fitsari da hawan jini da sanƙarau, a riƙe shi. Inda ake da sunaye biyu, kamar ƙyanda da baƙon dauro, a kawo duka.
(d) Malamin Hausa da na Bayoloji su haɗa hannu, sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i kuma su zauna da kwalejojin likitanci su fitar da ɗan littafi domin babbar sakandare.

5.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa fasa kalma yana buɗe wa ɗalibi ƙirar kalmomin likitanci, har ma tsarin Hausa yana taimaka masa a kan haka, amma ba ya tabbatar masa da ma'ana. An kuma nuna cewa jeren fassara yana ɓoye bambancin da ke tsakanin yadda Bahaushe ya rarraba jiki da cuta da yadda likita ya rarraba su. Muhawara a kan harshen koyarwa a makarantunmu ta daɗe, tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, kuma hukuma takan sauya matsayi. To amma ko da wane harshe aka koyar da ɗalibi, harshen maras lafiya ba ya sauyawa da sauyin manufa. Saboda haka koyar da abin da shawara da basir da daji suke nufi a bakin mai su wani sashe ne na horon ma'aikacin lafiya, kuma nauyin tanadar kayan wannan horo yana wuyan masana harshe.