Malamin gona da mai lambu a kudancin Katsina

Duk wanda ya karanci aikin gona a jami'a an faɗa masa cewa aikin ƙafa uku gare shi: koyarwa, bincike, da kai sakamakon binciken ga manomi. Ƙafa ta ukun ita ce aikin malamin gona, kuma ƙasar Kankara da Faskari na cikin wuraren da aka fara gwada ta gadan-gadan a Nijeriya. A 1975, tun Katsina ba ta zama jiha ba, aka buɗe shirin raya noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Samaru da cibiyar bincikenta, wadda ta faro tun 1922, ba su da nisa. Iri ya fito daga can, taki ya zo da rangwame, malamin gona ya zaga ƙauyuka, masara ta mamaye gonakin da dawa ce sarauniyarsu a da. Nasara ce, ba musu. Sai dai tsarin da ya haife ta an yanka shi ne daidai wuyan hatsin damina da auduga, kuma har yau shi ake ƙoƙarin sanya wa mai lambu.

Masara tana karɓar umarni daga nesa. A ba manomi iri, a ce ga tazarar shuka, ga buhunan taki, ga ranar zubawa, ya girbe ya zuba a rumbu ya jira farashi. Tumatir da attarugu da albasa ba su san wannan ba. Mai lambu a fadamar Sabuwa ko gefen dam ɗin Mairuwa yana yanke shawara kusan kullum: ko ruwan rijiya zai kai shi ƙarshen bazara, ko kuɗin man injin ban ruwa zai fita, ko ganyen da ya naɗe cuta ce ko ƙishi. In ya tsinke kuwa, kwana kaɗan ne tsakaninsa da asara, domin kowa ya yi dashe lokaci guda, kaya sun cika kasuwa lokaci guda, dillali ya san ba inda za a kai su. Wanda ya rasa mai saye ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa. Rabin matsalar lambu tana faruwa ne bayan an bar gonar, a daidai inda gonar gwaji ta gama aikinta.

Annobar tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta tona wannan giɓi a 2016. Ƙwaron daga Kudancin Amurka ya taso, ya shiga Sifen a 2006, kuma masana sun san halinsa tun kafin ya iso mana: tsutsar tana shigewa cikin naman ganye inda feshin sama ba ya taɓa ta sosai, tana kuma saurin sabawa da magani in an nace wa iri ɗaya. Sanin yana cikin mujallu. Wanda mai lambu ya samu a kusa shi ne mai shagon maganin feshi, wanda ribarsa na cikin ƙarin kwalba. Shi ne malamin gonar da ya fi kowa almajirai a yau, ko hukumar raya noma ta jihar, KTARDA, ta yarda ko ba ta yarda ba.

Za a ce wannan ba laifin malamin jami'a ba ne, aikinsa bincike, kai saƙo na ma'aikatan jiha ne. Rabon aikin yana da ma'ana a takarda, amma ya ɗauka cewa ilimi daga sama kawai yake gangarowa. Samaru da kanta ta ƙaryata haka. A ƙarshen shekarun 1960 mai bincikenta David Norman ya zauna da manoman ƙauyukan Zariya a lokacin da ake koya musu shuka abu ɗaya a gona, ya auna ya gano cewa haɗa gero da dawa da wake da suke yi ya fi ba su riba a kan wahalarsu, ya kuma rage musu haɗarin tashi a tutar babu. Tambayar ba za ta zo masa a ofis ba. Matakalar ƙarin girma a jami'o'inmu kuwa takardun da aka buga take ƙirgawa, shi ya sa matashin malami a Dutsin-Ma ko Zariya zai fi son gwajin taki na kaka ɗaya a harabar makaranta da ya ɓata rani uku yana bin kwandon tumatir daga fadama zuwa mota. Lissafinsa daidai ne, ma'aunin ne ya karkace.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. Ƙananan hukumomin Kankara da Faskari da Sabuwa suna bakin dazukan Zamfara da Birnin Gwari, kuma tun sace ɗaliban sakandaren Kankara sama da 300 a Disambar 2020 ba mai hankalin da zai ce wa malami ya ɗauki babur ya nufi daji. Amma rashin tsaron ƙara wa lambu daraja ya yi. Iyalin da suka bar gonar nesa suka dawo gefen gari ba su da faɗin ƙasar masara, ɗan fili kusa da ruwa kuwa yana iya ciyar da gida in an san abin da ake yi. Waɗannan mutane suna garin Kankara, suna Funtuwa, ana iya isa gare su. Rediyo da wayar hannu suna taimakawa, hoton ganye ta WhatsApp ya fi babu, sai dai ba ya nuna gishirin da ya taru a ƙasa ko yawan maganin da aka riga aka zuba. Wannan sai wanda ya tsuguna a bakin kwami, kuma har yanzu ba jami'a ce ke biyan kuɗin zuwansa ba.