Masu hango ruftawar gaɓa tun da rani

Wanda ya san Magariya da Dungas zai ce me ya haɗa su da zabtarewar ƙasa, tunda ba su da tsaunuka, sai jigawa da fadamu. To, ya leƙa bakin kori a watan Agusta. Ruwa ya ci gindin gaɓa, yashi ya sha ya ƙoshi, sai gefen gona ya rufta da geronsa a tsaye.

Akwai masu sana'ar hango wannan tun ƙasa na bushe. Sukan fara da taswirar tudu da gangare, irin wadda kumbon Endeavour na Amurka ya auna a Fabrairun 2000. Su ɗora ta a manhajar QGIS, wadda kyauta ce, a yanka ƙasar gida-gida kamar filin dara. Kowane gida tambaya ɗaya ake yi masa: ƙarfin da ke riƙe da ƙasar nan ya fi nauyin da ke jan ta gangare? A raba na farko da na biyu. In amsa ta kasa 1, a shafa wa wurin ja. Tsarin SHALSTAB na masana Montgomery da Dietrich, na 1994, da SINMAP da ya biyo baya, wannan lissafin suka haɗa da bin sawun inda ruwa ke taruwa.

Abin da ya fi burge ni, gwani ba ya sallama wa kwamfuta. Ya san don ƙasashen tuddai aka tsara lissafin, ya kuma san gida ɗaya mita 30 ne, ƙaramin kwazazzabo sai ya ɓace a ciki. Don haka yakan taka har wurin, ya haƙa rami, ya dunƙule ƙasa a tafinsa. In ta watse, yashi ne zalla, wanda ba ya tsayuwa a gangaren da ya wuce digiri 34 ko kusa da haka. Sannan ya tambayi mai gona inda gaɓar take bara.

Saiwa ma tana da gurbinta a lissafin, a ɓangaren riƙo. Gawon da manoman Magariya suka raya tun shekarun 1980, wanda masani Gray Tappan ya nuna yawansa da ya kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, ya cancanci shiga wannan gurbi.

Magadan gari, kafin ku yanka wa mutane filin gini a bakin kori, ku nemi irin wannan taswira.