Rubutu da Launi a cikin Kilip ɗin "You Belong With Me"

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba kilip ɗin waƙar "You Belong With Me" ta Taylor Swift, wanda Roman White ya tsara a 2009. Waƙar tana cikin kundin "Fearless" na 2008, kuma irin kiɗan nan ne da ya gama salon karkarar Amurka da na samarin birni. Kunne yana jin banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin molo da gurmi, amma ido ba ya ganin gona ko doki ko malafa. Abin da ake nunawa shi ne ɗakin kwana, da filin wasa, da makarantar sakandare.

Labarin gajere ne. Wata yarinya mai tabarau tana son maƙwabcinta, wanda Lucas Till ya fito a matsayinsa, shi kuwa yana da wata budurwa. Tagogin ɗakunansu suna duban juna. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, ta tagar nan ba su magana da baki. Kowa yana rubuta ƴan kalmomi da manyan baƙaƙe a takarda, ya ɗaga ma ɗan uwansa. Ta tambaye shi ko lafiya, ya amsa cewa ya gaji da rigima, ta ba shi haƙuri. Sa'an nan ta rubuta cewa tana son shi, amma kafin ta ɗaga kai ya riga ya ja labule. A nan ne mai tsarawa ya gane wani hali na rubutu. Da magana ce, da iska ta tafi da ita. Takarda kuwa ana naɗe ta a ajiye, saƙon ya jira ranarsa. Shi ya sa a ƙarshe, wurin bikin rawar makaranta, da ta warware takardarta shi ma ya fiddo tasa mai ɗauke da kalmomi iri ɗaya, mai kallo zai fahimci cewa ya daɗe da rubuta ta, ba tare da an yi masa bayani ba. Jimlolin ba su wuce kalma biyu ko uku ba, har mai ƙaramin sani na Ingilishi yana iya karanta su, kuma fuskar mai rubutun tana fassara ma wanda bai iya ba.

Inda aikin ya yi rauni shi ne wajen launi. Taylor Swift ce ta fito a matsayin ƴan matan biyu: mai tabarau da gashinta mai haske, kishiyar kuwa da baƙin gashi, da jar mota, da jar riga. Ranar biki mai tabarau ta shigo da farar riga, ta kuma cire tabarau ɗin. An yanke ma kishiya hukunci tun kafin ta aikata kome, kuma ba a taɓa ba ta takarda ta rubuta nata ba. Cire tabarau ma ya ba mu haushi: yarinyar da aka nuna tana karatu, wadda alƙalami ya zama bakinta, sai da ta ajiye alamar karatun sa'an nan aka kai ta ga abin da take so.

Kilip ɗin ya ci kyautar MTV a 2009, daren da Kanye West ya hau dandali ya katse ma mawaƙiyar jawabi. Surutun wannan dare ya fi yawa a bakin mutane bisa ga maganar takardun nan na taga, waɗanda a ganinmu su ne suka cancanci kyautar.